Natsuwa Ba Tsoro Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam da hankali, Ya sanar da shi magana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda yake son ya san inda al'umma ta dosa, to ya kasa kunne ya ji kalmomin da take yabon mutum da su, da waɗanda take kushe shi da su. Dalili kuwa shi ne, yaro ba da littafin tarbiyya yake farawa ba. Abin da ya ji ana yaba wa yayyensa shi yake kwaikwayo, abin da ya ji ana yi wa dariya shi yake gudu. A da, idan za a ba da aure, ko amana, ko limanci, a nan Sabon Garin Wudil da sauran garuruwan ƙasar Hausa, tambayar dattawa ita ce: yaron natsattse ne? Yana da hankali? Ya san ya kamata? Yau kuwa, a majalisun samari, wanda ake jinjina wa shi ne "mai zafi", da "wanda ba ya ɗaukar raini", da "ɗan ba sani ba sabo". Har ma kalmar "shege", wadda malaman fiƙihu suka ɗauki jifan mutum da ita a matsayin ƙazafi, ta koma kirarin mai wayo. Shi kuwa natsattse sunansa ya zama lusari, ko mai sanyin jiki, ko matsoraci.

Ra'ayinmu shi ne wannan juyi da aka yi wa kalmomi babbar mas'ala ce, domin rayuka da dukiyoyi da mutunci suna salwanta ta dalilinsa, kuma masu kira zuwa ga gyara su ne suka fi kowa bukatar a mayar wa kalmomin nan darajarsu.

Hankali dabaibayi ne

Bari mu fara da uwar kalmomin, wato hankali. Masana harshe sun tafi a kan cewa Bahaushe ya aro ta ne daga kalmar Larabci aƙlu. Ita kuma aƙlu tushenta ɗaya da iƙalu, igiyar nan da ake ɗaure ƙafar raƙumi da ita don kada ya bazama, wadda mu muke kira dabaibayi. Ke nan, a asalin lugga, mai hankali shi ne wanda yake da igiyar da take riƙe shi daga faɗawa abin da zai halaka shi. Mutumin Wudil ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ranar Juma'a ya san abin da bijimi guda yake yi idan ya tsinke igiya. Ƙarfinsa yana nan, gudunsa yana nan, amma a wannan sa'a babu abin da ake samu daga gare shi sai ɓarna. To haka saurayi yake, komai ƙarfinsa, komai kaifin harshensa, komai yawan haddarsa, matuƙar babu dabaibayi a tare da shi.

Shi ya sa Bahaushe ya raba wayo da hankali tun a tatsuniya. Gizo mai wayo ne, amma ba mu taɓa jin kakanninmu sun kira shi mai hankali ba, domin sau da yawa ƙarshen dabararsa kunya ce.

Wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewa, ya kuma koyar a Zariya, mai suna Anthony Kirk-Greene, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1973, aka buga ta a 1974, a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki. Ya lissafa siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura shi ne, 6 daga cikinsu, wato amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci, daga Larabci suka shigo mana, ta hanyar zaurukan malamai. Saboda haka wanda ya raina waɗannan kalmomi yana cewa al'adar tsofaffi ce, ya sani gadon malamai yake rainawa.

A ƙarƙashin hankali, kalmomin da muke siffanta mutumin kirki da su sun kasu gida uku. Akwai waɗanda suka shafi zuciya, akwai waɗanda suka shafi aiki, akwai kuma waɗanda suka shafi zama da mutane.

Gida na farko: tunani da lura

A nan muke samun tunani, da nazari, da lura, da la'akari, da basira, da tsinkaye, da hangen nesa. Kowace da wurinta. Mai tunani shi ne wanda yake jujjuya magana a zuci kafin ta fito baki. Mai lura shi ne wanda yake ganin abin da wasu suka wuce ba su gani ba, shi ya sa aka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Mai tsinkaye da mai hangen nesa kuwa su ne masu ganin ƙarshen al'amari tun yana farkonsa. Wannan shi ne abin da Larabci yake kira tadabburi, daga duburu, wato bayan abu ko ƙarshensa.

Babban amfanin wannan gida yana bayyana ne ranar da labari ya iso. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurati ta wajabta bincike a kan labari kafin a yi aiki da shi, abin da malamai suke kira tabayyuni, ta kuma bayyana cewa ƙarshen rashin binciken shi ne a cuci mutane cikin jahilci, a wayi gari cikin nadama. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan wani ma'aikacin zakka da aka aika ga ƙabilar Banul Musɗaliƙ, suka fito taryarsa, ya zaci yaƙarsa suka zo yi, ya koma ya ce sun hana zakka, har aka kusa kai musu yaƙi alhali suna kan Musuluncinsu.

Mun ga misalin haka da idonmu. A watan Agusta na 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, wani saƙo ya zagaye wayoyin mutane cikin dare guda, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aka yi ta tashin iyali cikin dare, mai ilimi da mara ilimi. Aƙalla mutum 2 suka rasu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti, ita kuwa cutar ba ta ma iso Arewa ba. Kowa ya tura saƙon ne da kyakkyawar niyya, amma kyakkyawar niyya ba ta tsaya a madadin bincike.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025. Mafarauta 'yan jiharmu, da yawansu mutanen Torankawa a ƙaramar hukumar Bunkure, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida don yin Sallah, aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka yi ihu cewa masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a suka kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda zuciyarsa ta ƙuna da wannan zalunci, to wajibi ne ya tuna da shi ranar da ya ji an yi ihun "ɓarawo!" a tasha ko a kasuwa, ya ga sanda a kusa da shi. Hukuncin ɗaya ne, ko a Uromi ko a ƙofar gidanmu.

Gida na biyu: tsanaki da kula

Waɗannan kalmomi na aiki ne: tsanaki, da kula, da tattali, da kiyayewa, da taka-tsantsan, da kaffa-kaffa. Kishiyoyinsu su ne garaje, da ganganci, da sakaci, da azarɓaɓi. Mai tsanaki shi ne wanda yake bai wa kowane mataki na aiki haƙƙinsa, ba ya tsallake na biyu don ɗokin na uku. Mai tattali yana kula da abin da ke hannunsa don ya ɗore. Mai taka-tsantsan ya san akwai rami a hanya, saboda haka yana duba inda zai sa ƙafa.

Ba mutum kaɗai ake siffantawa da su ba, har da abin da ya fito daga hannunsa. Mukan ce wannan aikin tsanaki ne, wannan ginin an kula da shi, wannan magana ce ta hankali, wannan natsattsen karatu ne. Wanda yake son ganin tsanaki a fili, ya dubi Alƙur'anin da alarammomin ƙasar nan suke rubutawa da ka, harafi bayan harafi, wasali da launinsa dabam, watanni ana aiki guda. Ko kuma ya dubi ƙwararren mai sayen sa, yadda yake zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya taya. Babu wanda yake kiran wannan mutum matsoraci. Abin mamaki, tsanakin da muke yi a kan sa guda, ba kowa yake yin sa a kan rayukan mutane ba.

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga Badau ya kife a ruwan Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, hukumomi kuma suka danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Mu da muke zaune a bakin kogi, muke kuma kallon yadda motoci suke tsere a kan gadar Wudil da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wannan darasi namu ne. Direban da ya ƙi ƙara fasinja, ya ƙi wuce mota a kwana, 'yan'uwansa sukan yi masa ba'a, fasinjoji su ce yana ɓata musu lokaci. Wanda ya fizge su kuwa a ce masa gwani. Idan abin ya auku sai a ce ƙaddara ce. Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai ganganci alhaki. Tirmizi ya ruwaito cewa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, umurtarsa ya yi da ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali. Ga dabaibayi ya sake dawowa.

Gida na uku: kara da sanin ya kamata

Wannan gida shi ne adon Bahaushe: kara, da kawaici, da alkunya, da ta-ido, da dattaku, da sanin ya kamata. Mai kara yakan bar abin da yake haƙƙinsa ne don kada wani ya ji nauyi. Mai kawaici yakan ga kuskuren da bai kai a yi magana ba, ya kau da kai kamar bai gani ba. Mai ta-ido yakan fasa abin da ya yi niyya saboda ganin girman wanda yake wurin. Dattaku kuwa ba furfura ce take kawo shi ba, shi ya sa akan ce wa yaro yana da dattaku, a kuma ce wa tsoho ya zubar da girmansa. Mai sanin ya kamata shi ne wanda ba ya jira a roƙe shi. Ya ga maƙwabcinsa ba a hura wuta ba, ya aika da abinci ta hanyar da ba za a ji kunya ba.

Wudil gari ne na baƙi. Ga fatake da suke zuwa kasuwa daga nesa, ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga 'yan makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda da suke fitowa daga kowace jiha. Da yawa daga cikin waɗannan ba za su taɓa zama a gaban malami su ji tafsiri ba. Abin da za su sani game da Musulunci shi ne abin da suka gani a wurin mai shago, da mai gidan haya, da ɗan acaɓa, da maƙwabci. Wanda ya ƙure lasifika har tsakar dare alhali a bayan katanga akwai majinyaci da jariri da ɗalibi mai jarrabawa, ko ya tare hanya saboda bikinsa, ko ya kunyata baƙo a bainar jama'a saboda kuskuren da bai san kuskure ba ne, wannan ya rasa sanin ya kamata, ko da kuwa abin da yake faɗa gaskiya ne. Kowa ya san ƙissar Balaraben ƙauyen da ya yi bawali a masallacin Annabi (S.A.W.). Sahabbai suka taso masa, aka hana su, aka bar shi ya gama, aka zuba ruwa a wurin, sa'an nan aka karantar da shi cikin taushi. An tsarkake masallaci, ba a kuma rasa mutumin ba. Wannan shi ne rifƙu, wato tausasawa.

Hilmu da anatu

Akwai kalmomi biyu na Larabci da suka tattara duk abin da ya gabata. Lokacin da tawagar Abdulƙaisi ta iso Madina, mutanen suka diro daga raƙumansu suka yi gaggawa zuwa wurin Annabi (S.A.W.) saboda ɗoki. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake yi wa laƙabi da Ashajju, ya tsaya ya kintsa kaya, ya ɗaure taguwarsa, ya sa tufafi masu tsabta, sa'an nan ya taho. Shi ne wanda Annabi (S.A.W.) ya shaida wa cewa yana da ɗabi'u biyu da Allah Yake so, hilmu da anatu, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Hilmu shi ne mallakar kai a lokacin fushi ga wanda yake da ikon ramawa. Anatu ita ce rashin gaggawa har sai al'amari ya bayyana. Idan muka haɗa su biyu, Bahaushe yana da kalma guda da ta ɗauke su, ita ce natsuwa. Abin lura a nan, ba a zargi waɗanda suka yi sauri ba, domin ƙauna ce ta sa su, amma yabon ga wanda ya natsu ya tafi.

Amsa ga masu cewa natsuwa tsoro ce

Wani ɗan'uwa zai ce: ai da irin wannan magana ake kashe wa matasa gwiwa, da sunan kara da kawaici aka bar ɓarna ta yi jijiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu kau da kai daga gare ta ba. Lalle akwai mai fakewa da kawaici don ya tsira da abincinsa, akwai mai kiran ragwancinsa haƙuri. Kawaici yana da iyaka. Ba a yin sa a kan shaidar da za ta ƙwato haƙƙin maraya, ba a yin kara ga mai tauye mudu. Amma maganin jabun kuɗi shi ne a san na gaske, babu mai hankalin da zai ƙone kuɗinsa duka saboda an sami jabu a ciki. Bambancin a fili yake. Matsoraci yana yin shiru ne don ya kare kansa. Natsattse yana jinkirtawa ne don ya kare gaskiya daga kuskurensa, idan kuma ta bayyana masa, babu mai kau da shi.

Tarihin ƙasarmu ya isa hujja. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya fara wa'azi wajajen 1774, bai yi hijira daga Degel zuwa Gudu ba sai a watan Fabrairu na 1804. Shekara 30 ke nan yana karantarwa, yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, yana rubutu da Larabci, yana waƙe ilimi da Fillanci don talakawa su fahimta. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta shi a cikin Infaƙul Maisuri da sakin fuska ga masu sauraro da haƙuri da marasa ladabi a majalisi. Ya kuma yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban da suke gaggawar kafirta talakawa saboda ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba. Amma wannan natsattsen malami shi ne wanda, wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyauta, ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abubuwa 5 a madadinta, cikinsu har da a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Wa zai kira wannan tsoro?

Saboda haka abin takaici ne a ga wasu matasa suna auna malami da zafin muryarsa. Wanda ya kama suna ya yi kaca-kaca da mutuncin wani a ce ba ya tsoro, a yanko minti biyu na maganarsa a watsa a Facebook da WhatsApp. Wanda ya ce a dakata a bincika, ko ya ce mas'alar akwai saɓanin malamai a cikinta, a ce an saye shi. Matuƙar wannan ne ma'auninmu, to masu ihu za mu riƙa haifarwa, domin kowace kasuwa abin da ake saye shi ake kawo mata. Garaje ba ƙarfi ba ne, magana kuma zarar bunu ce.

Kiranmu

Na farko, muna kira ga iyaye da su lura da kalmomin da suke yabon 'ya'yansu da su. Yaron da ya rama duka kada a ce masa namiji, wanda ya danne fushinsa shi ya cancanci wannan suna. Yaron da ya yi ƙarya ya tsira kada a yi dariya a ce wayo gare shi.

Na biyu, muna kira ga malaman Islamiyya da su karantar da waɗannan kalmomi tare da takwarorinsu na Larabci, yaro ya san bambancin kawaici da ɓoye gaskiya, da bambancin tawakkali da ganganci. Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006 zai taimaka a nan. Kamar yadda ake ba da kyautar hadda ranar sauka, a ba da ta natsuwa da ladabi.

Na uku, muna kira ga limamai da masu wa'azi da su yawaita huɗuba a kan tabayyuni, su kuma zama farkon masu aiki da shi a kan mumbari.

Na huɗu, muna kira ga 'yan'uwa matasa. Kafin ka tura saƙo, tambayi kanka wa ya faɗa, a ina ya ji, wa zai cutu idan ƙarya ce. Kafin ka yi raddi, karanta maganar mutum gaba ɗayanta. Idan abokai sun kira ka mai sanyi saboda haka, kada ka damu, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi gaggawa ya zubar da jini ko mutunci, da na sani ba ta mayar da su.

Muna roƙon Allah Ya azurta mu da hankali mai amfani, da basira a cikin addini, da natsuwa a lokacin fitina. Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.